Shekarar da Na Kashe Sheƙin Shadda

Jiya wani saurayi ya tsaya a ƙofar shagona a nan Karaye, ya ɗaga wayarsa ya ɗauke ni ban shirya ba, ya juyo mini da ita yana dariya. Ya ce, "Baba Sule, ka gani? Sana'arku ta zama ta kowa." Na karɓi wayar na duba. Goshina na ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, sama a bayana fara fat, gilashin shagon kuwa ba abin da ya fito a cikinsa sai shi mai wayar da haƙoransa. Na ce masa, "Madalla, ka ɗauki kanka." To ku matso, ku da kuke ganin aikin nan danna maɓalli ne kawai, in ba ku labarin wani ɗan gilashi da ya kusa raba ni da sana'ata, ya kuma kusa raba wani dattijo da tasa.

Ga shi nan, ku gan shi, amma kada wanda ya taɓa mini tsakiyarsa da yatsa. Faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba, duhu-duhu ne, kuma zobe biyu gare shi. Na ciki shi ake murɗawa a bakin kyamara ya zauna daram. Na waje shi ne yake juyawa, kuma duk aikin yana cikin wannan juyin. Masu sayar da kayan hoto a Kano filta suke ce masa, amma maigidana tabarau yake kiransa, ni ma haka na taso ina kira. Akwai tsohon irinsa da yake rikita kyamarar da ke auna haske da kanta. Wannan irin da ya fito daga baya ne, ba ya rikita ta.

Maigidan nawa shi ne Malam Garba, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne mai ƙarancin magana da yawan tsaki. Shekara biyar na yi a hannunsa, kuma sai a ta uku ya yarda na leƙa ta cikin kyamararsa da tabarau a bakinta. Ranar a bakin dam muke, wani masunci yana son a ɗauke shi a cikin kwalekwalensa. Hantsi ya dubi ludayi ba ma maganarsa ake ba, rana ta riga ta ɗaga, ruwan nan sai ƙyalli yake yana kashe ido. Malam Garba ya miƙo mini kyamara ya ce, "Leƙa." Na leƙa, ban ga komai ba sai fari. Ya ce, "Juya zoben, a hankali, ba murfin tulu ba ne." Na juya. Wallahi sai na ga ƙyallin nan yana janyewa daga kan ruwa, ga duwatsun ƙasa sun fito ɗaya-ɗaya, ga ciyawa tana kaɗawa, ga 'yan kifaye suna giftawa a ƙarƙashin kwalekwalen. Na ɗago kai na dubi ruwan da idona, fari ne kamar da. Na sake leƙawa, ga kifaye. Na ce, "Malam, wannan ai tsafi ne!" Ya yi tsaki ya ce, "Tsafin gidanku. Haske ne."

A ranar ya ba ni dokoki uku, bai kuma sake maimaita su ba. Ya ce in sa rana a kafaɗata, ko ta dama ko ta hagu, don in tana gabana ko bayana tabarau ba ya wani aikin kirki. Ya ce in tuna tabarau yana cin haske, saboda haka in buɗe idon kyamara in kuma tsayar da hannuna kada ya girgiza. Ta ukun ita ce wadda na riƙe fiye da sauran. Ya ce, "Ƙyalli datti ne. Ka juya har ya mutu, sannan ka danna."

Da na buɗe nawa wurin, wannan tabarau shi ya yi mini suna. Malam Garba ne ya ba ni shi ranar da ya sallame ni, a naɗe cikin tsumman hula. A lokacin masu hoto ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba tsakanin Karaye da Rogo, kuma babu mai irinsa sai ni. Na sami rumfa a kasuwar Rogo, ina zuwa duk ranar kasuwa a kan babur, na kafa allo a gaban rumfar inda nake manna hotunan da na fi so.

Wani direban a-kori-kura ya taɓa zuwa mini da fushi, wai wani mai hoto ya ɗauke shi a zaune a kan sitiyari, da aka wanko ba a ga fuskarsa ba sai giza-gizai a jikin gilashin mota. Na ce ya shiga ya zauna. Na tsaya a gefe, ba tsaf a gabansa ba, na juya zobe har giza-gizan suka goge, ga shi nan ya fito da gashin bakinsa da carbin da ke rataye a madubi. Hoton nan ya yi shekaru a manne a cikin motar, kuma duk direban da ya gani sai ya nemo ni. Wani manomi a Ruwan Bago ya kira ni gonar masararsa a tsakiyar damina, bayan an ɗauke ruwa. Jiƙaƙƙen ganye fari yake fitowa a hoto, kowa ya san haka. Nawa ya fito kore shar, sama shuɗiya, gajimare kamar ka miƙa hannu ka tsinko. Mutumin ya riƙe hoton ya ce ai gonar ta fi kyau a takarda. Abu ɗaya ne ya gagari tabarau, shi ne ƙarfe tsirara. Na sha gwada shi a kan kwanukan silba na amare, ko gezau.

To kun ga yadda kai yake kumbura. Na kai matsayin da ba na cire shi daga bakin kyamara sai in an shiga ɗaki. Duk abin da ya yi ƙyalli a gabana, sai in juya zobe in kashe shi, in ce na yi aiki.

A wannan hali Alhaji Mamman na Fulatan ya kira ni ɗaurin auren babban ɗansa. Manomi ne babba, mai gyaɗa da dawa, mutum mai son a yi abu a san an yi. Ya ɗinka shadda shuɗiya mai duhu, shi da ƙannensa da angon duk iri ɗaya, malum-malum mai aiki tun daga wuya har ciki. Aka kai wa Baba Iro bugu. Ku yaran yanzu kun saba da dutsen guga, ba ku san Baba Iro ba. Shi ne mai bugu na Rogo. A ninke riga a ɗora a kan gungumen ice, a yi ta dukanta da gudumar ice har zaren ya kwanta ya yi santsi, ya ɗauki sheƙi. Rigar da ta fito daga hannunsa, in mai ita ya tako daga nesa, kafin ka gane fuskarsa ka gane bugun wane ne.

Ranar ɗaurin aure an fito daga masallaci wajen sha ɗaya na safe. Na jera su a gaban gidan, Alhaji a tsakiya. Rana na kafaɗata ta dama, daidai yadda ake so. Na leƙa, sai na ga rigunan nan suna walƙiya ta ko'ina, goshin kowa na maiƙo saboda zafi. Na juya zobe. Maiƙon fuska ya ɗauke, sama ta yi shuɗi, walƙiyar riguna ta kwanta. Ina so ku ji wannan da kyau, don ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ba kuskuren hannu ba ne, ba kuma na manta ba ne. Da idona na ga sheƙin yana mutuwa, na ce a raina, yauwa, datti ya fita. Na ƙarar da fim biyu a haka, ina murna.

A lokacin sai an je Kano ake wanke hoto mai kala. Na je na dawo da su a ambulan, na zaɓi na jerin dattawan na sa aka yi mini babbansa. Don tsabar jin kai, ban fara kai wa Alhaji ba. Ranar kasuwa ce, na manna shi a tsakiyar allona na koma na zauna ina jiran yabo.

Mutane suka taru, amma ba irin taruwar da na saba ba. Ba wanda ya ce komai a kan sama ko fuskoki. Wani tela ya matso har hancinsa ya kusa taɓa hoton, ya ce, "Wannan yadin 'yan makaranta Alhaji Mamman ya sa a auren ɗansa?" Wani ya ce, "Haba, shadda ce, bugun Baba Iro." Telan ya ce, "In dai wannan ne bugun Baba Iro, to tsufa ya zo." Na tashi na dubi hoton kamar ban taɓa ganinsa ba. Furannin da ke cikin saƙar shadda, waɗanda sheƙi ne yake fito da su, duk sun nutse. Rigunan sun zama shuɗin ƙyalle kawai, a dushe, kamar an wanke su sau goma a rafi.

Kafin azahar labari ya kai Fulatan. Alhaji Mamman ya zo da kansa, ya tsaya bai ko amsa gaisuwata ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Sule, da wane ido zan aika wa surukaina wannan? Su da suka gani da idonsu ma sai su fara tantama, balle waɗanda ba su zo ba." Na ce, "Alhaji, dubi fuskokin, dubi sama." Ya ce, "Sama na ɗinka?" Ya ajiye mini ambulan ɗin a kan benci ya juya. Aure kuwa ba a sake ɗaura shi don mai hoto ya gyara kuskurensa.

Daga nan gari ya rabu biyu, kuma kowane ɓangare da wanda yake yanka. Waɗanda suka je auren suka ce kyamarar Sule tana kashe kaya, kada wanda ya kuskura ya tsaya gabanta da rigar kirki. Waɗanda ba su je ba suka ce hoto ba ya ƙarya, hannun Baba Iro ne ya mutu. Na cire hoton a ranar, amma me ya rage? Wata bakwai ban ɗauki aure ko suna ko ɗaya a ƙasar Rogo ba. Ina zuwa kasuwa in buɗe rumfa in zauna ina korar ƙuda. Har direbobin da na yi wa aiki sai su gaishe ni daga nesa. Na koma ɗaukar hoton katin shaida a Karaye, fuska da farin ƙyalle a baya, aikin da ko makaho zai iya. Na je wa Malam Garba da kuka, ya dubi hoton ya ce shi bai ga laifinsa ba, hoto ya yi tsaf. Ranar na gane cewa abin da ya koya mini iyakar abin da ya sani ne. Shi masunta da manoma ya saba ɗauka, ba masu malum-malum ba.

Ana cikin azumi, saura kwana goma sha biyu Sallah, ina zaune a rumfa sai ga wani tsoho ya tsaya a kaina. Gajere ne, amma damatsansa kamar na ɗan dambe. Ban taɓa magana da shi ba, amma na san shi. Na zame daga benci na durƙusa na ce, "Baba, barka da shan ruwa." Ya ce, "Kai ne Sule?" Na ce ni ne. Ya ce, "Kwana huɗu na yi ina dukan rigunan nan. Kai a ƙiftawar ido ka goge." Ya ce, "Ka san yadda mabugata take a irin wannan lokaci? Kaya har rufi, ina korar mutane. Bana riga shida aka kawo mini. Sauran sun ɗauka sun kai wani gari, wai Iro ya tsufa. In Sallar nan ta wuce a haka, na rufe ke nan. Kai ka kashe, kai za ka tayar."

Ya riga ya shirya komai kafin ya zo. Ya je ya roƙi Alhaji Mamman ya ba shi rigar nan ta aure zai sake buga ta. Alhaji zai sa, in ɗauke shi, in manna hoton a allon da na manna na farko, ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah. Alhaji kuma zai zo ya tsaya kusa da allon da rigar a jikinsa, kowa ya gwada da idonsa. Sannan ya nuna tabarau ya ce, "Wannan baƙin abin kuma ka jefa shi a rijiya."

Na ce, "Baba, ka ba ni kwana uku in zauna a mabugarka tukuna." Dalilina shi ne na san abin da zai faru in na cire shi kawai. Na ga hotunan sauran masu hoto. A rana tsaka shadda mai bugu fara take fitowa fat, kafaɗa da ƙirji su ƙone, ba fure ba aiki, fuska kuma tana maiƙo. Wannan ma ba zai wanke Baba Iro ba.

Kwana ukun nan su ne makarantata ta biyu. Mabugar wata rumfa ce ta kara a bayan kasuwa, gungumen icen ya yi sumul saboda shekaru. Baba Iro zai yayyafa wa riga ruwa da yatsunsa, ya ninke ta, ya ɗora, ya fara, hannu biyu guduma biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Da azumi a bakinsa, ga shekaru, amma dukan ba ya canza sauti. In ya gama fuska ɗaya sai ya fito da rigar bakin rumfa, ya karkata ta ga haske, ya duba. Na lura ba ya taɓa kallonta tsaf. Sai ya karkata. Na tambaye shi, ya ce, "Sheƙi ba a zaune yake ba. Yana gefe. In ka dube shi ido da ido sai ya ɓuya."

A rana ta biyu na roƙe shi ya riƙe mini rigar a haka, na leƙa ta kyamara ba fim a ciki. Na juya zobe kamar yadda na saba har sheƙin ya mutu. Da can nan nake tsayawa in danna. Ranar ba abin da zan danna, sai hannuna ya ci gaba da juyawa. Kai! Sai ga sheƙin yana dawowa, furanni suna tasowa daga cikin shuɗin ɗaya bayan ɗaya. Na ci gaba, ya ƙaru har ya fi yadda idona yake ganinsa, ya fara ƙonewa. Na komo baya kaɗan, ya zauna daidai. Shekara tara ina riƙe da gilashin nan, ban san ba kashewa kaɗai ya iya ba. Tsakanin inda ƙyalli yake mutuwa da inda yake ƙonewa akwai hanya mai tsawo, kuma mai hoto ne yake zaɓar inda zai tsaya a kanta. Na yi ihu har Baba Iro ya kusa sakin rigar. Na ce, "Baba, zo ka leƙa!" Ya ce shi ba ya leƙa ramin da bai san mai shi ba.

Rana ta huɗu muka tafi Fulatan bayan la'asar, na goyo shi a babur, rigar a naɗe cikin zane a kan cinyarsa. Alhaji Mamman ya fito fuska a ɗaure. Ya ce, "Don girman Baba na yarda, ba don kai ba." Na ce na gode. Baba Iro da kansa ya sa masa rigar, ya daidaita kafaɗu, ya hana shi zama kada ta karye. Na tsayar da shi a jikin katangar gidan ta jar ƙasa. Na ce, "Alhaji, a goge fuska da tawul." Ya goge. Na ce ya ɗan karkata zuwa hagu. Ya ce, "Ni za ka yi ta juyawa kamar tsire?" Baba Iro ya ce, "Karkata, Mamman." Ya karkata.

Na leƙa. Na kai zoben inda komai ya mutu, sannan na fara komowa da shi kaɗan-kaɗan, ido ɗaya a kan ƙirjin rigar, ɗaya a kan goshinsa. Furanni suka fara tashi. Na ƙara, aikin wuya ya fito zare-zare. Na ƙara, sai goshi ya fara maiƙo. Na koma baya kamar faɗin ƙwayar gero, na ɗauke numfashi, na danna. Sau biyar na ɗauka, kowanne da ɗan bambanci. Sama ba ta yi shuɗin da nake so ba, na ƙyale ta. Alhaji ya ce, "An gama?" Na ce an gama. Ya ce, "To mu gani."

A zamaninku da tuni kun duba bayan waya kun sani. Ni sai da na kwana biyu da fim a aljihu, na hau mota zuwa Kano, na zauna a bencin masu wanki cikin cunkoson masu hoton Sallah. Da aka miƙo mini ambulan na fita waje na buɗe a rana. Na ɗaya ya dushe. Na biyu ya ƙone a kafaɗa. Da na zaro na uku sai na zauna a kan dakalin wani shago. Shi na sa aka yi mini babba.

Ranar kasuwar ƙarshe kafin Sallah, Rogo ta cika ta batse. Wannan karon ban manna komai ba sai da masu abu suka zo. Alhaji Mamman ya iso da rigar a jikinsa, mutane na biye da shi, don labari ya riga ya zaga. Telan nan ma yana gaba-gaba. Baba Iro ya zo da gudumarsa ɗaya a hannu, ya manta bai ajiye ta ba. Na zare hoton daga takarda na miƙa wa Baba Iro da hannu biyu.

Nan take aka fara salati. Shuɗin ya zauna da zurfinsa, sheƙi ya gangaro daga kafaɗa zuwa ƙirji, kowane fure a wurinsa, fuskar Alhaji kuma tas ba maiƙo. Telan ya dubi hoto, ya dubi Alhaji, ya sake duban hoto, ya ce, "Tabɗi! Wallahi na janye maganata." Alhaji ya leƙo ta kafaɗar Baba Iro, na ga bakinsa yana motsi yana son yin murmushi yana hana kansa.

Baba Iro kuwa ya karkata hoton ga haske kamar yadda yake yi wa riga. Ya daɗe. Sannan ya ɗora yatsa a ƙasan kafaɗar hagu, ya ce, "Mene ne wannan?" Na duba. Wani ɗan wuri ne da bai wuce tafin hannun jariri ba, sheƙinsa bai kai na kewayensa ba. Na ce a raina shi ke nan, na sake kashe shi a gaban jama'a. Na rage murya na ce, "Baba, wataƙila daga wanki ne. In ɓoye wannan in fito da wani?"

Ya je ya kama kafaɗar Alhaji ta hagu, ya karkata ƙyallen ga rana, ya sunkuya. Ya ɗago ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ba wanki ba ne. Ni ne. Nan hannuna ya gaji ranar, na ce ba mai gani." Ya juyo gare ni ya ce, "Tun ina saurayi nake bugu, ba mai riga ko tela da ya taɓa kama ni. Manna shi. Duk wanda ya tambaya ka nuna masa wurin, ka ce Iro ya gani." Sannan ya dubi Alhaji ya ce, "Tuɓe."

Alhaji ya ce, "A nan? A tsakiyar kasuwa?" Baba Iro ya ce, "Ba za ka je idi da ita a haka ba." Alhaji Mamman na Fulatan, mai gyaɗa da dawa, ya tuɓe malum-malum a gaban rumfata ya tsaya daga shi sai 'yar ciki, jama'a na dariya shi ma yana yi. Baba Iro ya rungumi rigar ya nufi mabuga, mutane suka bi shi yuu, wasu tuni sun fara aika gida a ɗauko musu kaya. Ban gama manna kusurwa ta huɗu ba na fara jin dukan daga bayan kasuwa.

Ina danna ƙusar ƙarshe wani dattijo ya taɓa ni a kafaɗa. Yana cikin waɗanda suka daina amsa gaisuwata wata bakwai. Ya gyara murya ya ce, "Malam Sule, ranar Sallah in an sauko daga idi, ko za ka fara biyowa ta wajenmu a Ruwan Bago? Mu takwas ne, duk shadda."

Na ce ya yi haƙuri sai da la'asar, mutanen garin Falgore sun riga shi tun ina manna hoton.